Kurakuran masu tatsar antioksidan daga ganye

Kowace shekara ɗaliban da ke shigowa ɗakin gwajinmu a nan Kumasi sai sun maimaita abu ɗaya wajen tatsar antioksidan, wato sinadaran da ke taimakawa wajen kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Su sayo zogale ko shuwaka a kasuwar Kejetia, su baza a tsakiyar rana kamar barkono, daga baya su zo suna kukan sakamako bai fito ba. Ta ina zai fito? Zafi da hasken rana sun cinye bitamin C da wani kaso na sinadaran fenol, waɗanda duk antioksidan ne, tun ganyen bai shiga kwalba ba. In ka ga koren ya koma ruwan ƙasa, kada ka ɓata itanol, sinadarin da ake jiƙa ganyen a ciki don tatsa, a kansa.

Inuwar ma ba a sakankancewa da ita a garin nan. A watan Yuni iska jiƙe take, ganye sai ya kwana ya wuni da laima. Wani yaro ya jibge mana zogale a kwali, wai shanyar inuwa yake yi. Ranar da aka buɗe, fumfuna ta yi fari fat a ƙasa ga wari, buhu guda muka zubar, aikin zangon ya koma farko. Haba malam, ko ɗan juyawa? Ni dai raga nake bazawa a kai, siriri, ko in sa a na'urar busarwa a digiri 40 zuwa 45 har ya riƙa karyewa ƙaras a hannu.

Sai masu zuba tsantsar itanol don a ganinsu ya fi ƙarfi. Yawancin fenol sun fi fitowa in da ruwa a ciki. Ina amfani da kashi 70 cikin 100, giram 1 na gari a mililita 20. Soxhlet kuwa, na'urar tatsa da ke tafasa itanol tana maido shi kan garin, ban cika so ba, don abin da aka tatsa yana zama cikin itanol mai tafasa, kusan digiri 78, awanni.

Wajen niƙa ganyen, bilanda na ɗaukar zafi, a riƙa tsayawa. Ruwan bahon ultrasonik, mai girgiza samfur da sauti don taimaka wa tatsa, ma haka, a jefa ƙanƙara. Abin da aka tace a rufe shi a kwalba mai duhu cikin firji.

Ruwan DPPH kuma, sinadarin da ake auna ƙarfin antioksidan da shi, a haɗa sabo, a gauraya da abin da aka tatsa, a bar shi minti 30 a duhu, a karanta a na'urar auna haske a nanomita 517. Wanda ya kwana kan benci har shuninsa ya kodɗe, a zubar kawai.