Yadda za ka rabu da bashi ba tare da ka canza hanyar zuwa gida ba

An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, to gaskiya ne, amma tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya wuce misali a nan Kebbi. Ma'aikaci ne, ɗan kasuwa ne, manomi ne, kowa da wanda yake ɓoye ma fuska. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma dubu 70 a 2024 amma ka ɗauki dubu 70 ɗin ka shiga kasuwar Birnin Kebbi da niyyar shinkafa da masara da mai da magi da sabulu ka gani ko za ka fito da canji. Saboda haka wanga rubutu ba na zargin kowa ba ne, hanya ce dai nike son mu bi tare.

Farko ka samo littafi, irin na 'yan makaranta mai ganye 40 ɗin nan ya isa, ka zauna da dare bayan yara sun yi barci ka rubuta duk wanda ke bin ka, sunanshi, nawa ne, yaushe ka ce za ka biya, kuma ko kuɗin na ƙaruwa in ka yi jinkiri. Kar ka tsallake kowa. Mai shagon bakin layi, mai nama, telan da ya yi ɗinkin sallah, kuɗin makarantar yara na zangon da ya wuce, zubin adashin da ka riga ka kwasa, dubu biyar ɗin da ka amsa hannun maiɗakinka ka ce "zuwa jibi" tun azumi, duka a sa su. Yawancin mutane wallahi ba su san jimillar bashinsu ba, sun san dai "da yawa ne", kuma da gangan ba su son sani don gaba na faɗuwa. To gara ya faɗi sau ɗaya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka da sa mishi lokaci da shaidu, mu kuma nan sai mu ce "haba, tsakanina da kai har sai an rubuta?" daga nan rigima ke farawa.

Da ka gama sai ka raba su gida biyu: mai haihuwa da wanda ba ya haihuwa. Mai haihuwa shi ne duk wanda ke da ruwa ko tara, bashin albashi na banki, da na manhajojin nan na waya da ke ba ka dubu 20 cikin minti biyar su ce ka maido da ƙari bayan mako ɗaya ko biyu. Waɗannan su za ka fara kashewa ko da kuwa su ne ba ka jin kunyarsu, don kullum ka kwana sun ƙaru, ga kuma maganar riba wadda kowa ya san hukuncinta. Wasu daga cikin masu manhajar in ka makara sai su bi lambobin da ke cikin wayarka suna tura saƙon cin mutunci har ga surukinka, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta sha kai musu samame kan haka amma kafin hukuma ta zo ai mutunci ya riga ya zube. Na banki kuma kar ka yi tunanin in ka maida albashi wani asusu ka tsira, tun 2020 babban banki ya ba bankuna damar bin BVN ɗinka su cire kuɗinsu daga sauran asusunka in ka sa hannu kan wannan sharaɗi lokacin amsar bashin, kuma yana cikin takardun nan da muke sa ma hannu ba mu karanta ba.

Wanda ba ya haihuwa, na 'yan uwa da maƙwabta da mai shago, shi kuma maganinshi ƙafa. Ka tashi ka je. Kar ka tura saƙon WhatsApp, kar ka aiki yaro. Ka same shi bayan la'asar ku gaisa ka ce "Alhaji, kuɗinka na nan a wuyana ban manta ba, dubu 100 ne, ba ni iya kawo su dunƙule amma duk 28 ga wata zan kawo dubu 10, in Allah ya yarda." Ka ga akwai rana akwai adadi. Abin da ke ƙona ran mai bin bashi ba jinkirin ba ne sosai, a'a kashe waya ne da canza layin masallaci da "in na samu zan kawo" wanda ba shi da ranar zuwa. Mutanenmu da yawa in sunka ga ka zo da kanka za su ɗaga maka ƙafa, wani ma ya yafe wani abu. Amma fa kar ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don kunya ta kama ka a gabanshi, dubu 5 da ke zuwa duk wata ta fi dubu 20 da za ta zo sau ɗaya ta ɓace. Duk abin da ka biya ka rubuta a littafin, in ta waya ka tura ka aje rasit.

Cikin ƙananan kuma in akwai wanda za ka iya gamawa da shi wanga wata, kamar dubu 6 na tela, ka gama ka ja mishi layi. Ganin suna ɗaya ya fita daga littafin yana ƙara ma mutum ƙarfin gwiwa ba kaɗan ba.

Sai maganar kasafi, wadda nan ne ake yin ta. Kuɗi ranar da sunka shigo ake raba su, ba bayan kwana goma ba. Misali mai ɗaukar dubu 80: alat na shigowa kafin ya tsaya wurin mai tsire ya fidda dubu 15 ko 20 na bashi ya tura ma masu shi nan take, sannan abinci na wata, ya sayi hatsi da yawa lokaci ɗaya maimakon kwano-kwano kullum da ke cin kuɗi, sannan kuɗin mai ko na mota zuwa aiki, sannan ɗan abin da za a aje ma rashin lafiya ko dubu 3 ne, don zazzaɓin yaro ɗaya cikin damina shi ke maida mutum gaban mai ba da bashi. Kuɗin cefane a ba uwargida na mako, a zauna da ita a nuna mata littafin nan. Maza da yawa na ɓoye ma matansu bashi wai kar girma ya faɗi, ita kuma tana ganin kana da shi kana hanawa ne, sai buƙatu su yi ta zuwa. In ta san halin da ake ciki ita za ta fi ka iya matse tukunya.

Ka yi mako biyu kana rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka har na naira 100. Za ka sha mamaki. Data, cajin POS don kana cire dubu biyu-biyu sau goma maimakon sau ɗaya, shayi da ƙwai a majalisa inda kai ne kullum mai cewa "a haɗa da nasu", lemun kwalba, da masu buga caca ta ƙwallo a waya waɗanda su kam sai dai addu'a, in kana ciki ka goge abin yau don ba a taɓa biyan bashi da shi ba. Ba cewa nike ka daina rayuwa ba, amma mai bashi ba ya kyautar burga.

Biki da suna kuwa su ne babban rami musamman ga mata. Anko wanga wata, gudummawa wata mai zuwa, ga kayan ɗaki ana gasa. Hajiya, ki je bikin da atamfar da kike da ita, ki kai abin da ya sawwaƙa, wadda za ta yi fushi don ba ki yi anko ba ba ita za ta biya miki ba ranar da mai kaya ta zo ƙofar gida tana sallama da ƙarfi.

Manomanmu na fadama, Argungu, Suru, Augie, Bunza, nasu salon daban ne. Lokacin noman rani ake neman kuɗin taki da man injin ban ruwa, sai dillali ya ba da kuɗi bisa sharaɗin a biya da buhunan shinkafa shanshara a kaka kan farashin da shi ya yanka, in anka auna sai ka ga manomi ya yi ma wani wahala ne. In dole ne sai ka ci irin wanga bashi to ka rage girman gonar zuwa abin da aljihunka zai iya, kuma a rubuta buhu nawa ne gaban shaidu. Sannan bashin gwamnati ma bashi ne. Shirin Anchor Borrowers na ba manoma bashin noma da Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, wasu sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa, daga baya aka zo ana neman a biya.

Matse kashe kuɗi kaɗai wani lokaci ba ya isa, in abin da ke shigowa bai kai ba sai an ƙaro. Ƙa'ida ɗaya dai: kar ka ci sabon bashi don fara sana'ar biyan tsohon bashi. Ka fara da abin da ke hannunka. Mai babur ya yi kabu-kabu daga la'asar zuwa isha'i. Malamin makaranta ya tara yaran unguwa biyar shida ya yi musu darasin yamma. Mai firij, in ana samun wuta a layinku, zoɓo da kunun aya da ƙanƙara lokacin zafin Maris da Afrilu ba su kwantai. Mata na gumin shinkafa, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, awara a ƙofar gida. Wanda ke da fili a gida ya sa ɗan rago ko biyu watanni kafin layya, sai dai a lissafa dusa da harawa da magani tun farko kar a zo ana murnar ciniki alhali uwar kuɗi ce ta dawo. Ajiyar albasar Aliero ana samu in farashi ya tashi bayan kaka, amma tana ruɓewa, wanda bai san kanta ba kuma da bashi a wuya ni ban ba shi shawara. Akwai kuma kayan da ke zaune a gida ba aikin komi, waya ta biyu, tsohon janareta, keken ɗinkin da ba a taɓawa, a sayar a kashe bashin nan mai ruwa.

Kuɗin wagga sana'a ta gefe kar su haɗu da na cefane ko kaɗan, in sunka haɗu sun tafi. Ka buɗe musu wuri daban, ko asusun OPay ko Moniepoint da ba ka yawo da katinshi, ko gwangwani mai makulli, duk Juma'a ka kwashe ka kai ma na gaba a layi. Adashi ma yana taimako in da mutanen da ka sani ne kuma zubin bai fi ƙarfinka ba, kwasarka ta tafi kai tsaye ga bashi mafi nauyi, amma ka tuna in ka kwasa da wuri sauran zubin bashi ne shi ma, a sa shi cikin littafi.

Wanda kuma bashi ya yi ma katutu ta hanyar halal, jinya ce ko gobara ko ambaliya ta cinye gona ko kuɗin fansa da 'yan uwa sunka haɗa, ya sani mabarta, wato waɗanda bashi ya ɗaure, na cikin kashi takwas da anka ambata a Suratut Tauba masu cin zakka. Ya samu limamin unguwa ko hukumar zakka ta jiha ya yi bayani, ya tafi da littafin nan da sunayen masu bin shi da abin da ya riga ya biya.