Darasi na Shida: Allon Guga na Mai Haɗa Ƙyalle

Guntayen atamfa da shadda da ke zuba a gindin keken tela ba shara ba ne. Mata da yawa suna tara su, su yanka, su haɗa, su fitar da zanen gado ko rigar filo ko shimfiɗar jariri. To amma wannan aiki rabinsa ɗinki ne, rabinsa guga. Duk layi ɗaya da kika ɗinka, sai kin kwantar da bakinsa da dutsen guga kafin ki haɗa masa wani. In ba haka ba kusurwoyi ba za su dace ba, zanen ya fito da tudu da kwari.

A kan me kike guga? Yawancinmu a kan katifa. Katifa laushi gare ta, dutse nutsewa yake yi, ɗinki ba ya kwanciya. Tabarmar roba narkewa take yi, ta kaba kuma takan bar zanen saƙarta a jikin yadi. Abin da ake so shi ne wuri mai tauri wanda yake jure zafi, kuma da hannunki za ki iya haɗa shi.

Ki je wurin kafinta ya yanko miki shimfiɗaɗɗen katako, tsawo santimita 60, faɗi 45, kauri kamar 2. Siriri ba zai yi ba, da ya sha zafi da danshi sai ya lanƙwashe. Ki ce ya goge bakinsa, ya ɗan rage tsinin kusurwoyin don kada su huda yadi. Katako mai fenti, a'a: zafi yakan tayar da fentin.

Sai shimfiɗar ciki. Tsohon bargon auduga ko tawul ya isa, ninki ɗaya ko biyu. Nan ne ake yawan kuskure. Mutum ya ga kamar in ya jibga da yawa zai fi kyau, sai ya wayi gari ya sake yin wata katifar. Ki danna da yatsa: in kina jin taurin katakon, daidai ne. Soso da leda da yadin roba kada su kusanci wurin. In kina shakkar wani yadi, ki zare zare ɗaya ki kai bakin ashana. Auduga toka take bari, roba kuwa dunƙulewa take yi ta yi tauri.

Rufin sama ya zama farin yadin auduga, akoko ko alawayyo. Na san atamfa ta fi ɗaukar ido, amma wata tana zuba, ranar da ta ji ruwa da zafi sai ta ɓata miki farin ƙyalle. Ki wanke yadin ya bushe tukuna, domin sabuwar auduga tana tsukewa a wankin farko.

Yanzu lissafi. Yadin zai zagayo bayan allo, don haka a ƙara santimita 10 a kowane gefe. 60 da 10 da 10, 80 ke nan. 45 da 10 da 10, 65. Bargon kuwa ƙarin 5 a kowane gefe ya ishe shi.

Ki shimfiɗa yadin a ƙasa mai tsabta, bargo a kansa, katako a saman duka. Ki jawo tsakiyar gefe ɗaya ki buga ƙaramar ƙusa, gajeriya wadda ba za ta ɓullo ta fuskar allo ba. Ki koma gefen da ke fuskantarsa, ki ja da ƙarfi, ki buga. Haka sauran biyun. Daga nan ki riƙa bi daga tsakiya zuwa kusurwa, kusurwoyi su ne na ƙarshe. In da mai taya ki ja, ya fi. Ki juya allon ki shafa da tafin hannu. In kin ji tattara, ki cire ƙusar wurin ki sake ja.

Wajen aiki da shi, ki ɗora dutse, ki danna, ki ɗaga. Kada ki ja shi gaba da baya kamar gugar riga, domin ƙyallen da aka yanka a karkace miƙewa yake yi. Bakin ɗinki ki kwantar da shi wajen yadin da ya fi duhu, don kada ya nuna ta gaba. Mai dutsen gawayi ta ajiye bulo a gefe, nan ne mazaunin dutse, ba kan allo ba. Ta kuma busa tokar nesa da aiki. Idan kin gama, ki jingina allon a bango ya sha iska.

Aikin gida: wata ta samu katako mai tsawo 90, faɗi 50. Yadi nawa za ta yanka? Ki rubuta amsar a littafinki, ki zo da ita aji.