Yadda na hana ƙwallon golf karkacewa dama

Alhamdu lillahi, an rabu da Bukar. A gonarmu ta bayan Kiyawa nake gwaji tunda aka girbe gero, kuma na daɗe ina fama: ƙwallo ta tashi ta hagu, sai ta lanƙwasa dama ta faɗa cikin karare.

Na canza sanda, ba ta canza zani ba. Na ƙara karkata jiki hagu, lanƙwasar ta ƙaru.

Kartar da sanda ke bari a rairayi ce ta nuna min matsalar, domin kullum hagu take nufa. Wato sandar na shigowa daga waje, nesa da jikina, ta yanko ciki, fuskarta kuma a buɗe take, tana kallon dama, idan aka kwatanta da hanyar da ta bi. Fuska ce ta fi yanke inda ƙwallo za ta fara nufa, saɓaninta da hanyar sanda ke kawo lanƙwasa.

Na fara da riƙo. Ni badame ne, sai na murɗa hannun hagu zuwa dama har na hango gaɓoɓin yatsu uku. Sannan na ajiye kwali kamar faɗin yatsu huɗu a gefen ƙwallo mai nesa da ni, ɗan baya kaɗan. In na bugi kwalin, daga waje na zo. Da na daina taɓa shi, ƙwallo ta miƙe. Na gode wa ƙanena da ke tsinto min ƙwallaye.