Yadda za ka yi fafutukar hana makaman nukiliya a zamanin 'yan ta'adda

Mutane da yawa in aka ce fafutukar hana makaman nukiliya sai su ce ai wannan tsohon yayi ne, na lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke hararar juna, yanzu kuma ta'addanci ne ke hana duniya barci. Ni kuwa gani nake ta'addancin ne ma ya ba masu wannan fafutuka hujja mafi ƙarfi da suka taɓa samu, in dai sun iya riƙe ta.

Fara da haddace hujjar kanta, don duk sauran a kanta suke. Ƙasashe tara ne ke da makaman nan, kusan dubu 12 jimilla, kuma uzurinsu ɗaya ne tun da can: in ka san zan rama ba za ka harbo ni ba. To shi wannan lissafi yana aiki ne kan wanda ke da babban birni da jama'a da abin da yake tsoron asara. Ƙungiyar da ba ta da adireshi, wadda mayaƙanta ma mutuwar suke nema, ina za ka rama? Kuma ba wai hasashe ba ne, ƙungiyar Aum Shinrikyo ta Japan da ta saki gubar sarin a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a 1995 ta nemi hanyar nukiliya ba ta samu ba, Usama bin Laden kuma ya zauna da wani tsohon masanin nukiliya na Pakistan, Sultan Bashiruddin Mahmood, a 2001. Duk wanda ya ce maka bom ɗin ƙasarsa ne zai kare shi daga irin waɗannan, tambaye shi ta yaya, ka yi shiru ka jira amsa.

Daga nan sai ka koyi maganar kayan haɗa bom ɗin, nan ne masu fafutuka da yawa ke kwafsawa har a daina sauraronsu. Ɗan ta'adda ba zai iya tace yuraniyom ko samar da fulutoniyom da kansa ba, aiki ne na gwamnati mai masana'antu da kuɗi da shekaru, sai dai ya sata ko ya saya. Hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tana ɗaukar kilo 25 na tataccen yuraniyom ko kilo 8 na fulutoniyom a matsayin adadin da zai iya isa bom ɗaya. Ka ga kenan duk rumbun da aka rufe, duk kilon da aka narkar ya zama man lantarki, ƙofa ce aka toshe. An ma yi an gani, a 1994 Amurka ta kwashe kusan kilo 600 na tataccen yuraniyom daga Kazakistan a asirce, sannan daga 1993 zuwa 2013 an mayar da tan 500 na yuraniyom ɗin makaman Rasha man tashoshin lantarkin Amurka.

Kuma kar ka haɗa bom ɗin nukiliya da ƙazamin bom, wato bom na gama-gari da aka cakuɗa da sinadari mai fitar da radiyeshin. Na biyun ba ya share gari, tsoro da gurɓata wuri ne aikinsa, amma kayansa sun fi sauƙin samu nesa ba kusa ba don suna asibitoci da masana'antu. In kana son misalin da ke shiga ran mutane, ba su labarin Goiânia a Brazil a 1987. Babu ɗan ta'adda ko ɗaya a ciki, 'yan gwangwan ne suka ɓalle na'urar gashin ciwon daji da aka yasar a wani tsohon asibiti, garin siziyom-137 mai sheƙi shuɗi ya bi hannu zuwa hannu, mutum 4 suka mutu, sai da aka auna mutum kusan dubu 112. Wannan fa sakaci ne kawai, ina ga da gangan.

Sai ka zaɓi buƙata ɗaya ƙarama wadda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. "A kawo zaman lafiya" babu ministan da zai ƙi sa hannu a kai, kuma babu abin da zai canza. Amma kana iya tambaya ko ƙasarka ta miƙa rahotonta ƙarƙashin ƙuduri mai lamba 1540 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda tun 2004 ya wajabta wa kowace ƙasa hana ƙungiyoyi samun irin waɗannan makamai, ko ta shiga yarjejeniyar 2005 ta yaƙi da ta'addancin nukiliya, ko ta sa hannu a yarjejeniyar haramta makaman da ƙasashe 122 suka amince da ita a 2017 ta fara aiki a Janairun 2021. Rubuta wa ɗan majalisarka, ka kai wa ɗan jarida, ka sake tambaya bayan wata shida. Haka ICAN, gamayyar ƙungiyoyin da ke fafutukar kawar da makaman nukiliya, ta yi ta naci ƙasa bayan ƙasa har ta karɓi kyautar Nobel a 2017.

Ka zo da shaida, ba ihu kaɗai ba. Abin da ya fi burge ni a tarihin nan ba gangamin mutum kusan miliyan ɗaya na New York a 1982 ba ne, haƙoran yara ne. Daga 1958 likitoci da iyaye a birnin St. Louis na Amurka suka riƙa tara haƙoran famfara ana aunawa, aka ga sinadarin sitirontiyom-90 mai fitar da radiyeshin na gwaje-gwajen bom yana ƙaruwa a ciki, wannan na cikin abin da ya matsa lamba aka hana gwaji a sararin sama da cikin ruwa a 1963. Ja likita da masanin kimiyya a jiki tun ranar farko.

Akwai abu biyu da zan ce ka kiyaye. Na farko kar ka zama mai tallan tsoro, don tsoron nan da ka hura wani zai ɗauka ya kafa hujjar yaƙi da shi, mun gani a Iraƙi a 2003, aka shiga da sunan makaman ƙare dangi ba a samu komai ba. Kowane lokaci ka ambaci haɗarin, ka biyo shi da maganin: kulle kaya, rage kaya, binciken IAEA. Kuma kar ka bari a maƙala wa wani addini ko wata ƙabila zancen.

Na biyu, batun tsallake shinge. A Yulin 2012 Megan Rice, 'yar zuhudu mai shekara 82, da abokan tafiyarta biyu suka yanke wayoyin shingen cibiyar nukiliya ta Y-12 a jihar Tennessee har suka kai jikin ginin da Amurka ke ajiye tataccen yuraniyom ɗinta, suka yi rubutu a bango suka zauna jiran masu gadi. Gaskiya sun fallasa sakacin da rahotanni ɗari ba su fallasa ba, amma an yanke mata ɗaurin wata 35, kuma a irin wuraren nan masu gadi na da izinin harbi. Labarinta ka ɗauka ka yi hujja da shi a taro da rubutu, ka ce in tsohuwa da almakashin waya ta kai can to mai bindiga fa, kai kuma ka tsaya daga wajen shinge da kwalinka da takardar izinin gangami a aljihu, ku kuma naɗa mutum ɗaya da zai yi magana da 'yan sanda in sun iso.