Kafin ka sayi injin zarto na hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga mai son ƙaramin injin zarto na yanka katako a gida, wanda masu shaguna a Garwa da Marwa suke kira scie sauteuse, ga abin da na koya.

Kada kwali ya ruɗe ka. Bosch da Makita suna da kyau, amma jabu ya yi yawa. Wanda na fara saya, farantin ƙasansa gwangwani ne, wata biyu ya lanƙwashe, duk falankin da na yanka sai bakinsa ya fito a karkace. Ka juya injin ka danna farantin da babban yatsa. In ya motsa, ajiye shi. Sannan ka sa a kunna maka a shagon, ka saurara. Ƙara mai kaushi da tartsatsi da yawa ba alheri ba ne.

Wat 500 zuwa 700 ya ishi aikin gida, kuma ya zama na wutarmu, volt 220. Nemi mai rage gudu.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne wuƙar. Ɗauki injin da ke karɓar mai gindi siffar T, ita ta fi samuwa. Mai manyan haƙora tana sauri amma tana yage katako, mai ƙanana ce ta yankan kwalliya. Kuma kada ka tura da ƙarfi, bar shi ya ci da kansa.

Lokacin hunturu a riƙa busa ƙurar ramukan iskarsa bayan kowane aiki, don Allah.