Yadda za ka riƙe azumin kwana 40 a zafin Garwa da Marwa

Azumin da ke kai mu ga Ista yana farawa ranar Larabar Toka. A kalanda kwana 46 ne, amma ba a lissafa ranakun Lahadi shida, shi ya sa ake cewa kwana 40, adadin da Yesu ya yi a jeji. A nan arewacin Kamaru yawancinsa yakan faɗo cikin bazara, watan Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Wanda ya shiga babu tsari, mako na biyu zai same shi a kwance.

Ka fara yanke abin da za ka bari, ka faɗa wa fada ko fastonka. A Katolika dokar ba ta da nauyi: daga shekara 18 zuwa 59 ana azumi ranar Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu, a ci cikakken abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa sau biyu, sannan daga shekara 14 a bar nama duk Juma'ar azumi. A ikilisiyoyin Lutheran ba a tilasta wa kowa, mutum ne ke ɗaukar wa kansa. Ko ta wace hanya, ka zaɓi abin da ya kama zuciyarka da gaske. Mai bin runfar bilbil, wato giyar dawa, ya bar ta. Mai kwana yana latsa waya ya ajiye ta daga ƙarfe takwas na dare.

Maganar ruwa tana son hankali. Muna ganin maƙwabtanmu Musulmi suna kame baki har da ruwa, sai wasu su ɗauka namu ma dole haka yake. Dokar ikilisiya ba ta hana ruwa ba. Ɗan acaɓa ko mai ɗaukar kaya a kasuwa ya sha ruwansa. In fitsari ya yi ja, ko jiri ya kama ka sa'ad da ka miƙe, jiki ya bushe ke nan, ka sha nan take. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon sukari ko gyambon ciki, da wanda ke shan magani bayan cin abinci, su nemi wani abin da za su bari.

Babban aikin yana cikin abin da azumin ya rage maka. Annabi Ishaya, a sura 58, ya ce azumin da Allah ke so shi ne a raba abinci da mayunwaci. To uwargida ta ajiye kwano kusa da buhun dawa. Duk ranar da aka tsallake tuwon rana, ta auna hatsin da za a kai niƙa ta zuba a ciki, ranar Asabar a kai wa gwauruwa ko wanda ke jinya. Kuɗin shayi da goro ma haka. In hatsin ya koma buhu, tattali aka yi, ba musun kai ba. Lokacin cin abincin kuma ya zama na addu'a, ko da minti 20 ne. Littafin Markus na da sura 16, na Luka na da 24, karanta sura ɗaya a rana, ban da Lahadi, zai kai ka ƙarshen azumi daidai.

Ciwon kan kwanakin farko yawanci na rashin shayi da goro ne, ka soma rage su mako guda kafin Larabar Toka. Da yamma ka fara da ruwa da kunu, ka ɗan dakata kafin tuwo, don wanda ya rama na rana da na dare a zama ɗaya ya ɓata wahalarsa.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne saurin fushi da ganin kai. Yunwa kan fito da abin da ke ɓoye, sai ka ji kana daka wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ka ba su haƙuri tun rana ba ta faɗi ba, ka kai halin gaban Allah. Yesu ya ce a Matiyu 6 mai azumi ya shafa mai ya wanke fuska, kada mutane su gane. In aka miƙo maka abinci a gidan suna ko na makoki, ka ɗan taɓa ka yi godiya, washegari ka ci gaba daga inda ka tsaya.