Yadda ake koyar da adon harshe a ƙaramar sakandare ta hanyar ƙagaggen rubutu

Sababbin malamai sukan buɗe darasin adon harshe, wato dabarun ƙawata magana, da cika allo da ma'anoni: kamantawa kaza ce, siffantawa kaza ce, jinsarwa ta kasu gida uku. Yara za su haddace har su ci jarrabawa, amma ranar da aka ce su ƙagi labari ba za a ga ko ɗaya a ciki ba. Saboda haka ka jinkirta sunayen tukuna.

Da farko ka sa kowane ɗalibi ya rubuta jimla biyar a kan abin da yake gani daga inda yake zaune, ko ƙofar aji ce ko takalmin na kusa da shi. Kada ka bari su taɓo soyayya ko halin duniya, domin ɗan shekara 12 ba ya iya ƙawata abin da bai taɓa ƙura wa ido ba. Takarda da biro sun wadatar, ba sai an sayi wani littafi ba.

Daga nan ka ce su zaɓi jimla ɗaya su shigar da "kamar" ko "tamkar" a cikinta, kuma a nan ne aikin yake lalacewa. Rabin aji za su kawo maka "fari kamar auduga" da "gudu kamar iska", sabon malami kuma ya ba da maki tunda jimlar ta dace da ma'anar da ya koyar. Kada ka karɓa. Ka jera irin waɗannan a gefen allo, ka sanar cewa an hana amfani da su har ƙarshen zango. Sannan ka tsaya a kan yaro guda ka tambaye shi yadda ƙofar take yi idan an tura ta. Zai ce tana ƙara. Ka ce kamar me? Zai yi shiru, kai ma ka yi shiru, ko da ajin ya fara motsi, domin da zarar ka ba shi misali to naka zai kwafa. In ka daure, za ka ji ya ce tana ƙara kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya. Dokata ita ce kowa ya kawo kamance uku, ya soke biyun farko.

Bayan wannan ya zauna musu a kai, ka nuna musu kamancen fifiko da "ya fi", da na gazawa da "bai kai ba". Sai ka sa su cire "kamar" ɗungurungum, ta yadda "mai gadinmu kamar agogo yake" zai koma "mai gadinmu agogo ne". Yanzu ne za ka gaya musu cewa na farko kamantawa ce, na biyu siffantawa.

Mutuntarwa, wato ba wa abin da ba mutum ba halin mutum, ba ta da wuya: ƙofar ta ba da labarin yininta da bakinta. Kambamawa kuwa, wato zuzuta abu fiye da kima, sun riga sun iya ta tun daga cika-bakin filin wasa, aikinka shi ne rage ta.

A ƙarshe kowa ya rubuta labari mai shafi ɗaya da adon harshe uku kacal, su yi musayar littattafai, kowa ya ja layi a ƙarƙashin abin da ya gano ya faɗi sunansa. Wanda ya cusa goma, a mayar masa ya cire bakwai kafin a duba.